TARIHIN HUMIDISTAT: Daga Gashin Mutum Zuwa Na'urar Dijital, Da Dalilin Da Ya Sa Wayoyi Biyu Ba Sa Isar Ta

 Yau za mu ɗan ajiye maganar wayar hannu gefe, mu leƙa gidajen Amurka da Kanada, inda ake da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannunka ba, sunanta humidistat. Aikinta ɗaya ne: ta auna laimar da ke cikin iskar gida, idan ta yi ƙasa ta buɗe ruwa, idan ta kai ta rufe.

A can, mutum yakan cire tsohuwar humidistat mai murɗawa, ya sayo sabuwa mai sikirin. Yana kwance tsohuwar sai ya ga wayoyi biyu kacal a bayanta, ita kuwa sabuwar tana da ramuka shida, takwas ko ma fiye. Wani ya cusa wayoyin inda ya ga dama, sikirin ya ƙi kawowa. Wani kuma ya jona inda bai kamata ba, ya ƙona fiyus ko fanel ɗin murhun gaba ɗaya, a tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa a cikin bututu. Amsar wannan rikici tana cikin tarihin na'urar. Idan ka san daga inda ta taso, ramukan nan ba za su ruɗa ka ba.

ME YA SA GIDA YAKE BUƘATAR LAIMA?

Ka fara riƙe wannan: iska mai ɗumi ta fi iska mai sanyi iya ɗaukar ruwa. Idan ka ɗauki iska cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, a digiri 20 na Salshiyas za ta iya ɗaukar ruwa kusan giram 17. A digiri sifili ba ta wuce giram 5. A digiri 10 ƙasa da sifili kuwa, giram 2 ne da 'yan kai.

To idan ka ji an ce laima kashi 50 ce cikin ɗari, ana nufin iskar tana ɗauke da rabin abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin.

Yanzu duba abin da ke faruwa a garuruwa irin su Shikago ko Toronto a watan Janairu. Iskar waje tana digiri 10 ƙasa da sifili, laimarta kashi 80. A ido kamar tana da laima sosai, amma ruwan da ke cikinta bai kai giram 2 ba. Ta shigo gida, murhu ya ɗumama ta zuwa digiri 21, inda za ta iya ɗaukar giram 18. Ruwan bai ƙaru ba, wurin zuba shi ne ya ƙaru. Sai laimar ta faɗo zuwa wajen kashi 10.

Kai da ka san hunturun Kano ko Damagaram, ka san abin da wannan ke nufi: leɓe ya fashe, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta haɓo, ƙofar katako ta tsage. Bambancin kawai, namu hunturun iska ce ke kawo shi daga Sahara, su kuwa murhunsu ne ke haɗa musu shi a cikin ɗaki.

Akwai kuma abin da ya shafi na'urori. A busasshiyar iska, jikin mutum yana tara wuta, irin tartsatsin nan da kake ji idan ka cire rigar sanyi cikin duhu. Tafiya a kan kafet a irin wannan yanayi na iya tara dubban bolt a jikinka. Kai ba ka jin komai sai ta kai wajen bolt 2,000 zuwa 3,000, alhali wasu ƙananan kayan da ke kan fanel ɗin waya ko kwamfuta ƙasa da bolt 100 na iya lalata su. Shi ya sa maganar laima ba ta jin daɗin fata kaɗai ba ce.

ZAMANIN ULU, AUDUGA DA GASHI

Kafin a sarrafa abu, sai an iya auna shi. Wajen shekarar 1450, wani malami Bajamushe mai suna Nicholas na Cusa ya kawo dabarar ɗora busasshen ulu a kan sikeli. Idan iska ta yi laima, ulun ya sha, ya ƙara nauyi. Bayan shekara talatin ko fiye, Leonardo da Vinci a Italiya ya zana irin wannan sikeli: gefe ɗaya abu mai shan laima kamar auduga, ɗaya gefen kakin zuma wanda ba ya sha. Gefen da ya rinjaya shi ke ba da labari.

A 1665, Robert Hooke na Ingila ya bayyana wata dabarar da siririn gashin kan wani hatsin daji, wanda yake murɗewa yana warwarewa gwargwadon laima. Ya maƙala masa allura kamar hannun agogo.

Amma wanda aikinsa ya fi daɗewa shi ne Horace de Saussure, mutumin Janeba a ƙasar Suwizalan. A 1783 ya fitar da ma'aunin laima mai amfani da gashin mutum. Idan aka wanke maiƙon gashi tas, tsawonsa yana ƙaruwa da kamar kashi 2 zuwa 2 da rabi cikin ɗari daga busasshiyar iska zuwa jiƙaƙƙiya. Ƙarin ba shi da yawa, amma idan ka ɗaure bakin gashin a wuri ɗaya, ka naɗa ɗaya bakin a jikin ɗan gare mai allura, allurar za ta motsa yadda ido zai gani.

Bayan shi wasu sun zo da nasu. A 1820 John Daniell a Landan ya ƙera wanda ke gano zafin da raɓa ke fara sauka. A 1825 Ernst August a Jamus ya fito da ma'aunan zafi guda biyu a jere, ɗaya a bushe ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna laima. Duk waɗannan dai aunawa kawai suke yi. Babu wanda ke kunna komai.

MASANA'ANTU NE SUKA FARA MATSAWA

Ba don jin daɗin mutane aka fara sarrafa laima ba, don kuɗi ne. A masaƙu, idan iska ta bushe zaren auduga yana tsinkewa, inji ya tsaya, a yi asara. A maɗaba'a kuma takarda tana buɗewa tana tsukewa.

A 1902 wata maɗaba'a a Burukilin ta birnin Niyok, mai suna Sackett-Wilhelms, ta rasa yadda za ta yi. Suna buga hoto mai launi, kowane launi da nasa zagayen. Kafin a zo launi na gaba takardar ta sha laima ta canza girma, launukan su ƙi hawa kan juna. Wani matashin injiniya ɗan shekara 25, Willis Carrier, shi ya tsara musu injin da ke rage laimar. Wannan aiki ne ake ɗauka a matsayin mafarin AC na zamani. Ka ga kenan, AC ɗin da kake kunnawa don sanyi, asalinsa maganin laima ne. A 1906 kuma Stuart Cramer, injiniyan masaƙu a jihar Karolina ta Arewa, wanda shi aikinsa ƙara laima ne, shi ya raɗa sunan Turancin da ake taƙaitawa AC har yau. A 1911 Carrier ya gabatar da lissafin da ya haɗa zafi da laima da raɓa, wanda injiniyoyi suka ɗora aikinsu a kai.

MURHU YA SAMU MAI GADI

A gidaje kuwa, a wancan lokacin murhun kwal ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, zafi yana hawa sama da kansa ta manyan bututu. Maganin bushewa shi ne kwanon ruwa a jikin murhun, ko a kan ƙarfen ɗumama ɗaki. Mai gida ya cika da hannu, in ya manta shi kenan. Daidai da mai ajiye bahon ruwa a ɗaki da hunturu.

Sarrafa zafi ne ya fara samun na'ura. A 1883 Warren Johnson, malamin makaranta a jihar Wiskonsin, ya yi rajistar na'urar lantarki mai lura da zafin ɗaki, kamfaninsa ne ya zama Johnson Controls. A 1886 Albert Butz a Miniyafolis ya yi rajistar wata da ke buɗe ƙofar iskar murhun kwal idan ɗaki ya yi sanyi, ta rufe idan ya ɗumama. Kamfanin da ya gaji aikinsa ya haɗe da na Mark Honeywell a 1927, daga nan sunan Honeywell ya bazu. Wannan na'ura ita ce tamostat. A 1919 wata baƙar fata Ba'amurkiya, Alice Parker, ta samu rajistar tsarin ɗumama gida da iskar gas. Daga shekarun 1930 aka fara sa wa murhu fankar lantarki mai tura iska ɗaki-ɗaki.

Fankar nan ita ta buɗe hanya. Tunda duk iskar gida tana bi ta bututu ɗaya, ai sai a jiƙa ta a wuri ɗaya. A 1954 kamfanin Research Products da ke Madisin a Wiskonsin ya fitar da injin ƙara laima na gida gaba ɗaya da sunan Aprilaire. Yadda irin waɗannan injina ke aiki ba wuya: ruwa yana tsiyaya a kan wani faifai mai huji-huji kamar soso, iska mai ɗumi ta ratsa ta ɗebi laima, ragowar ruwan ya bi magudana. Abin da ke buɗe ruwan wani bawul ne mai koyil a ciki, wuta ta shiga ya buɗe, ta ɗauke ya rufe.

Wa zai ba bawul ɗin wuta? Nan dabarar Saussure ta dawo. Aka ɗauki gashi, daga baya siririn zaren nailan, maimakon ya juya allura sai aka sa ya danna makunni. Iska ta bushe, zaren ya tsuke, makunni ya haɗe, ruwa ya zubo. Laima ta kai, zaren ya saki, makunni ya rabu.

Ka lura da kyau a nan, domin shi ne ƙashin bayan labarin: tsohuwar humidistat ba ta cin wuta ko kaɗan. Makunni ce kawai, kamar na ƙwan ɗakinka. Wuta ta fito daga taransifoma mai bolt 24, ta shiga ta waya ɗaya, ta fita ta ɗaya, ta je bawul, ta koma taransifoma. Wayoyi biyu kenan, kuma ko ka juya su babu abin da zai faru.

DAGA ZARE ZUWA SENSA

Gashi da nailan suna da nawa, suna kuma sakin jiki idan sun tsufa, ga shi cikin tsananin sanyi kusan ba sa motsi. Masu hasashen yanayi da ke tura balan-balan sama su suka fi jin wannan a jikinsu. A 1938 Francis Dunmore na hukumar ma'aunai ta Amurka ya ƙera sensa mai amfani da wani gishiri, litiyam kuloraid. Gishirin ya sha laima, wuta ta fi saurin ratsa shi, sai a auna. Karon farko kenan da laima ta koma siginar lantarki ta hanyar da ta yaɗu.

A 1973 kamfanin Vaisala na ƙasar Finlan ya fitar da HUMICAP, wanda shi ne kakan yawancin sensar yau. Kafasita ce 'yar mitsitsiya: faranti biyu na ƙarfe, a tsakaninsu wata siririyar leda mai shan laima. Ƙarfin da ruwa ke ƙara wa kafasita ya kai kusan ninki 80 na iska, ita kuwa ledar nata bai wuce 3 zuwa 4 ba. Don haka ko ruwa kaɗan ta sha, ƙarfin kafasitar zai canza, a karanta a mayar lamba. Wannan dabarar 'yar uwar ta tocin wayarka ce, shi ma canjin kafasita yake ji idan yatsanka ya taɓa, shi ya sa yake haukacewa idan ruwa ya ɗiga a kai.

Daga baya sensar ta ƙanƙance har ta shiga waya. Samsung Galaxy S4 da ta fito a 2013 tana ɗauke da sensar zafi da laima, ƙirar kamfanin Sensirion na Suwizalan. Tamostat ɗin Nest da ya fito a 2011 shi ma yana auna laima.

Sai dai sensa ba ta danna makunni da kanta kamar zare. Tana buƙatar ƙaramar kwamfuta da za ta karanta ta, da sikirin, da rile. Duk waɗannan wuta suke ci. To ka ga inda ƙarin ramukan suka fito.

MA'ANAR RAMUKAN

Haruffan tsohon tsari ne na tamostat a Amurka, yawancinsu daga launin waya aka samo su da Turanci.

R: wutar bolt 24 da ke fitowa daga taransifoma, galibi jar waya.

C: hanyar komawar wutar. R da C su ne abincin na'urar, kamar ƙafafun batir a waya. In babu C, yawancin na dijital ba sa kawowa. Tsohuwar ba ta taɓa buƙatar sa ba, shi ya sa ba ka same shi a bango ba.

W: farar waya, ita ke samun wuta idan tamostat ya nemi zafi. Da ita humidistat ke sanin murhu na aiki.

G: koriyar waya ta fanka. Wasu na dijital suna iya tayar da fanka da kansu idan gida ya bushe.

Ramuka biyu na bawul: wani kamfani ya rubuta H, wani HUM, wani U. Nan ne wayoyin da suka gaji aikin tsohuwar suke shiga. A wasu na'urorin makunni ne kawai babu wuta a ciki, a wasu kuma wuta suke fitarwa. Takardar da ta zo cikin kwali ce za ta faɗa maka, kada ka yi hasashe.

Ramuka biyu na sensar waje: za mu zo kansu.

Ga abubuwan da ke ƙona kaya. Na farko, a jikin fanel ɗin murhu akwai wuri da aka rubuta HUM. A wasu murhunan bolt 24 yake bayarwa, a wasu kuma bolt 120, wato cikakkiyar wutar gidan Amurka. Suna ɗaya, wuta daban. Ka jona bawul ko humidistat mai 24 a kan 120, nan take ya tafi. Sai ka auna tukuna. Mu da muka saba auna batir da layin caji, hannunmu DC yake kai mita, to wannan wutar AC ce, can za ka juya. Tsakanin R da C za ka ga 24 zuwa 28.

Na biyu, a kashe wutar murhu kafin a taɓa kowace waya. R ta goga jikin C ko ƙarfen murhu na daƙiƙa ɗaya, fiyus ɗin fanel, irin na mota mai amfiya 3 ko 5, ya tsinke. Inda babu fiyus, taransifomar ce ke biya.

Na uku, tsofaffin haɗi da yawa suna da taransifoma ta daban wadda ba ta samun wuta sai fanka na juyawa. An yi haka ne don kada ruwa ya zuba babu iskar da za ta ɗebe shi. Ka ciyar da na dijital daga nan, duk lokacin da murhu ya huta sikirin zai mutu. Kuma kada a gauraya wayoyin taransifoma biyu a layi ɗaya.

Na huɗu, kada ka yarda da launi. Wanda ya yi aikin shekara ashirin da suka wuce da abin da ke hannunsa ya yi. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka kwance, ka bi kowace waya har inda ta ƙare. Abin da ya shafi gas ko bolt 120 kuwa, a bar wa mai lasisi.

Wurin kafawa ma yana da doka. A kan bututun da ke dawo da iska daga ɗakuna ake sa ta, kafin inda laima ke shiga. Idan ka sa ta bayan wurin, jiƙaƙƙiyar iska za ta ji, ta ɗauka gida ya ƙoshi, ta rufe ruwa.

SENSAR WAJE: ABIN DA TSOHUWAR BA TA IYA BA

Za ka ce to me zai hana a murɗa ta kan kashi 50 a manta? Nan ne ɗaya haɗarin yake. Ɗaki mai digiri 21 da laima kashi 40, duk abin da sanyinsa ya kai digiri 7 raɓa za ta sauka a kansa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke zufa. Cikin tsananin sanyi gilashin taga yana kai wa haka, cikin bango ma haka. Ruwa ya taru, katako ya ruɓe, funfuna ta fito, mai asma ya shiga uku. Yawancin gidajen can kuma da katako aka gina su.

Shi ya sa tsofaffin humidistat suke zuwa da ɗan jadawali a jiki: idan waje ya kai digiri 7 ƙasa da sifili a sa kashi 35, idan ya kai 18 ƙasa da sifili a sa 25, idan ya kai 29 a sauko 15. Mai gida ne zai riƙa duba yanayi yana murɗawa, kuma mutane kaɗan ne ke yi. Na dijital ta ɗauke wannan wahala. Ana maƙala 'yar sensar zafi a waje, a gefen arewa inda rana ba ta duka, nesa da bututun hayaƙi, a ja wayoyinta biyu zuwa ciki. Sanyi ya ƙaru ta rage laima da kanta, ya sassauta ta ƙara. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar laimar gida ta zauna tsakanin kashi 30 zuwa 50, kada ta haura 60.

Abu ɗaya ne dijital ba ta canza ba: faifan nan mai huji-huji yana toshewa da gishirin ruwa, ana canza shi kamar sau ɗaya a shekara. Ko na'urar ta kai ina da wayo, in faifan ya toshe, ruwa kawai take zubarwa.

Idan kana da ɗan uwa a can da ke shirin canza tasa, tura masa wannan kafin ya ɗauki sukundireba. Idan kuma kai mai gyara ne a nan gida, 'yar na'urar auna laima ta dijital ba ta da tsada, ka ajiye ɗaya a kan teburin aikinka. Duk ranar da ka ga ta sauko ƙasa da kashi 30, ka ɗaura igiyar sauke wuta a hannu, ko aƙalla ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki fanel ɗin mutane.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.